Jar Riga da Takalmin Aro a Landan

Tunda na dawo daga Landan bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka sai ta gyara zama ta ce, "To Malama, ba mu labari." Na faɗa na sake faɗa har na fara jin ina ƙara gishiri, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Na sauya sunayen mutane, don akwai wadda rufin asirinta ya fi labarin nan daraja.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. Yayana Alhaji yana da 'ya, Sadiya, tana karatun lauya a can, saura 'yan watanni ta gama. Wata rana ya kira ni gidansa a nan Kaduna, ya miƙo mini waya fuska ba walwala. Hoton wasu mata ne a jere a bakin titi, kowacce cikin jar riga har ƙasa mai hula, kamar alkyabbar da aka manta ba a yi mata ado ba, bakinsu a ɗaure da farin ƙyalle. An zagaye ɗaya daga ciki. Ba a ganin fuskarta, amma ana ganin takalminta: farin kambas mai koren layi, wanda uwarta ta saya mata da hannunta a kasuwa lokacin da za ta tafi.

Wanda ya aiko da hoton Dakta ne, ɗan aminin Yaya, likita a can, wanda aka damƙa wa amanar yarinyar. Jan kaya, rufe fuska, taron mata ba magana, a wurinmu me hakan ke nufi in ba ƙungiyar asiri ba? Uwar sai kuka take. Yaya ya ce, "Ki je ki gano da idonki. In kin dawo kin ce mini gaskiya ne, ko gobe za ta gama, na janye hannuna daga karatun nan, gida za ta dawo."

Ni ya zaɓa saboda ya san halina. Na daɗe ina shugabancin makarantar firamare, kuma ba na yarda da mutum da wuri. Ko mai tumatir ya cika yi mini murmushi, sai na duba ƙasan kwandon.

Jirgin ƙasa na bi zuwa Abuja, daga nan jirgin sama. Ba zan ce komai a kan abincin cikin jirgi ba, sai dai har yau ban san sunan abin da na ci ba. A filin jirginsu, bayan an buga mini hatimi, wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina kamar mun saba. Ashe kilishin da uwar Sadiya ta cusa mini ya shinshino. Jami'in ya yi mini bayani cikin ladabi cewa ba a shiga da nama, ya kwashe shi kakaf. Sai ya ga wani ƙulli ya kwance. Daddawa ce. Ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, suka daɗe suna shawara, sannan suka ɗaure mini abata da sauri suka ce in tafi. Ina tafiya ina waiwayen kilishin, don ban yarda ƙona shi za a yi ba.

Dakta ne ya zo ɗaukata. A tsakiyar Turawa ya rusuna har ƙasa ya gaishe ni, ya karɓi akwati, ya miƙo mini rigar sanyi sabuwa fil. A raina na ce ladabin nan ya yi yawa, amma na kwaɓi kaina tunda mutumin Yaya ne. A mota na tambaye shi matarsa Jamila, don da ni aka kai ta ɗaki kafin su tafi Landan.

"Ta je Manchester wurin 'yan'uwa, Hajiya, tana ɗan hutawa," ya ce. Sai ya rage murya. "Ita Sadiya don Allah ki sa mata ido. Duk gidan da ta shiga ki yi mini text. Ni amanar Alhaji nake tsoro."

Masaukin Sadiya ɗaki ne guda, wanda a gidanmu da buhunan masara za a zuba a ciki. Injin wanki a madafi yake, kusa da tukunya. Maƙwabta kuwa, kana yi musu sallama a matakala sai su kalli bango. Ranar da na ce bari in soya albasa, wata na'ura a rufin ɗaki ta ɗauki kururuwa har na saki ludayi na yi salati, Sadiya ta zo tana yi mata fifita da tawul tana dariya. Ta yi murna da zuwana, ba ƙarya. Amma wayarta kullum a kife take, in an kira ta sai ta fita waje ta amsa, kuma na ga jan zare maƙale a rigar sanyinta. Tana fita makaranta na leƙa ƙarƙashin gado. Jar rigar tana nan a ninke cikin leda. Na mayar da ita inda na same ta.

Ruwan samansu ba ya zuba kamar namu a gama a huta, yayyafi ne mai naci. Shi ya ci mini takalmi. Muna hawa matakalar nan mai tafiya da kanta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙasan takalmina na dama ya ɓalle ya tsaya, ni na yi gaba. Da ɗingishi na koma gida. Sadiya ta ce, "Goggo, ga wannan ki riƙa sawa, ƙafarmu ɗaya." Ta ajiye mini farin kambas mai koren layi. Na dube shi, na dube ta, na zura ƙafata.

Ranar Juma'a muka je babban masallacin Regent's Park. Kowane launin fata yana sahu, abin ya burge ni. Bayan sallah na haɗu da matan Hausawa a harabar, ana ta gaishe-gaishe, 'ya'yansu ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Na ce, "Ashe Jamilar Dakta tana Manchester."  Wannan ta shiga gyara mayafi, waccan ta tuna ɗanta ya ɓace. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi ce kawai ta dube ni ta ce, "Manchester? To, Allah shi kyauta." Na ɗauki maganar na ajiye a gefe.

Washegari Sadiya ta ce za ta je Old Kent Road. Na ce ai ni ma manja nake nema, na yafa mayafi kafin ta samu abin cewa. Titin nan ka rantse wani yanki na Najeriya aka ciro aka dasa: doya a ƙofar shago, busasshen kifi, ƙamshin suya, ga bas-bas masu bene suna ta wucewa. Ga kuma tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya an mayar da su coci, ana ta kiɗa a ciki. Na ce a raina, to ga inda aka kawo mini yarinya.

Ba can muka shiga ba. Bene muka hau a saman wani shagon kayan miya, wurin wata mata, Rifkatu, 'yar Kagoro, mai aikin kula da tsofaffi, tana ɗinki in ta tashi daga aiki. Falon duk jajayen riguna ne a rataye. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini fate mai zafi, abinci na farko da ya zauna mini a ƙasar. Da ta ga inda idona yake, sai ta kwashe da dariya.

"Mama, ba cult ba ne fa. Wallahi daga TV ne. Wani series ne kowa ya kalla, sai mata suka ɗauko kayan suna yin protest da su."

Na ce to. Amma hancina ya riga ya jiyo turaren wuta yana fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa a rufe, ga buta a bakin banɗaki, a gidan da hoton Yesu ke bango. Akwai wanda ake ɓoyewa a gidan nan. Da yamma Sadiya ta shiga wanka, na kira Dakta na kwatanta masa titin da shagon da benen. Ya yi ta sa mini albarka kamar shi ne babba.

Bayan mun ci abinci na fito da jar rigar na shimfiɗa a gado. Sadiya ba ta yi musu ba. Ta kunna kwamfuta ta ce in gani da idona. Wasan kwaikwayo ne na wata ƙasa da ba ta wanzu ba tukuna, inda aka kafa doka cewa mace ba ta da bakin kai ƙara, duk wadda ta kuskura sai a sa mata jar riga a ɗaure mata baki a zagaya gari da ita. Na kalli kashi biyu. An iya shiri, ba laifi.

"To na gani," na ce. "Masu fim sun ci kasuwarsu, ku kuma kun ɗauki kayan wasa kun fita titi. Wa zai ji tsoron kayan wasa?"

"Ba tsoro ake so a ji ba, Goggo. Duk wanda ya kalli fim ɗin, da ya gan mu ya san me muke faɗa, ba sai mun buɗe baki ba. 'Yan jarida suna son hoton. Kuma wadda ke tsoron a gane ta za ta iya fitowa."

"Wato a wurinsu mace ta rufe jikinta shi ne alamar bauta? Ni da hijabina fa, a wane layi suka sa ni?"

Ta ce, "Akwai masu wannan tunanin a cikinsu, ba zan ɓoye miki ba, mun sha yin faɗa a meeting. Amma mu ba rigar muke nunawa ba, ƙyallen bakin ne. Akwai matan da takardar zamansu a jingine take da ta miji. In yana dukanta ta yi magana, sai ya ce zai sa a kore ta daga ƙasar."

Ban gamsu duka ba, har yau ma. Na ce mata dai ba ruwana, na riga na gaya wa Dakta inda take zuwa, shi ma ya je ya gani. Ban taɓa ganin fuska ta sauya irin haka ba. Ta ce, "Goggo, me kika yi?" Ta zari waya.

Da sassafe ta mayar da ni gidan Rifkatu, aka buɗe ƙofar nan. Jamila ce. Yarinyar da na raka ɗakinta da kumatu cike, yanzu wuyanta kamar na marar lafiya, haƙorinta ɗaya na gaba babu. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce Dakta ne ya yi mata haka, fasfonta na hannunsa, ya ce in ta faɗa wa kowa za a saka ta jirgi a mayar da ita da kunya. Sadiya ce ta fitar da ita daga gidan ranar da yake wurin aiki.

Ni kuwa na shiga yi mata tambayoyi kamar na kama ɗaliba da satar amsa. Yaushe? Da me? Wa ya gani? Don na san mace ma tana iya shirya magana. Muna cikin haka aka danna ƙararrawar ƙofa, mai kawo saƙo ne kawai. Kafin in ƙifta ido Jamila ta dunƙule a gefen keken ɗinki, hannuwa biyu a kan kai. Na koyar da yara da yawa, na san yadda wanda ake duka a gida yake kare kansa, kuma ba a koyon wannan don a burge baƙo. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse.

Rifkatu ta ɗaga labule kaɗan ta nuna mini. Motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi tana tsaye a tsallaken titi. Yanzu na gane dalilin hoton da aka aika wa Yaya: in aka janye Sadiya gida, Jamila ba ta da kowa.

An riga an samar wa Jamila wuri a wani gidan ɓoye mata, fita daga benen ce matsalar, don ta rantse ba za ta kira 'yan sanda ba. Rifkatu ce ta kawo dabara. Akwai zanga-zanga a ƙarshen mako, dama a gidanta mata ke karɓar rigunansu. Sai kowa ta shirya a nan, a fita tare, Jamila a tsakiya, in an watse a can wata ta wuce da ita.

Ranar na je ne kawai in riƙe musu jakunkuna. Mata suka cika falon, baƙaƙe da farare, ana ta ɗaure-ɗaure. Riga ɗaya ta rage a rataye. Rifkatu ta ce, "Mama, wata ta yi cancel. Ko za ki taimaka mana? In mun fi yawa ya fi wuya ya gane ta." Na ce Allah ya kiyaye, ni da girmana. Sai na dubi inda Jamila take, na kasa gane ta a cikinsu. Na ce a raina, ashe anko ne, irin wanda amarya ke ɓacewa cikin ƙawayenta. Na ɗora rigar a kan hijabina, aka ɗaure mini baki.

Muka sauko muka cika bas. A Charing Cross, tsakiyar gari, muka tarar da wasu sun fi mu yawa, muka jeru ba mai cewa uffan. Ni dai ina ta jiran barkonon tsohuwa, amma 'yan sandan sai tafiya suke a gefenmu, ɗaya har yana hamma. Masu ɗaukar hoto kamar ƙudaje. Wasu 'yan mata suka zo suka jingina da mu suka ɗauki kansu suna murmushi suka wuce, ko allunan da muke riƙe da su ba su karanta ba. Amma na ga wata mata da keken jariri ta tsaya cak tana kallonmu, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Can na hango Dakta a gefen titi. Yana bin layi a hankali da waya a hannu, kuma ba fuskoki yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Da ya zo daidai ni sai ya tsaya, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya ɗan danna-danna. Na sunkuyar da kai na ga abin da ya gani. Farin kambas mai koren layi.

Ashe ya ɗauka ni ce Sadiya. Da aka ba da alamar watsewa, na kama hannun ta kusa da ni, ban san ko wace ce ba, na matse. Baiwar Allah ta ɗauka cikin tsarin ne, ta biyo ni. Muka gangara Northumberland Avenue, muka wuce ofishin da tutar ƙasarmu ke kaɗawa, ina jan ƙafa da gangan, ina waiwaye kamar marar gaskiya. Yana biye da mu. Su Sadiya da Jamila kuwa sun yi wata hanyar.

Sai da muka kai bakin kogi ya sha gabanmu. Muryar da na ji ba wadda ta gaishe ni a filin jirgi ba ce.

"Sadiya, na riga na tura wa ubanki hotonki, kin gama karatu a ƙasar nan. Ke kuma munafuka, wuce mu tafi, za ki yi bayani a gida."

Ya damƙi hannun abokiyar tafiyata ya fizga. Ta fizge, ta yaye hular. Tsohuwar Baturiya ce mai furfura, ta buɗe masa wuta da Turancin da ko rabinsa ban kama ba, mutane suka fara tsayawa. Ni kuma na kwance ƙyallen bakina a natse, na ninke shi.

Na ce, "Dakta, ina wuni? Ya aiki? Ya mutanen Manchester?"

 Ya fara rusunawa don sabo, ya fasa a tsakiya, ya juya ya bi cikin mutane. Da na koma gida Sadiya ta nuna mini saƙo a waya, an ce Jamila ta isa lafiya. Muka rungume juna muka yi kuka, sannan na ce ta dafa mini shayi don ƙafafuna sun mutu.

Ban yi wa Yaya bayani ta waya ba, irin wannan magana sai ido da ido. Bas na bi zuwa filin jirgi da zan dawo, rigar sanyin Dakta kuma na bar wa Rifkatu ta ba wani mabuƙaci.

Washegarin saukata na je gidan Yaya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. Sabon hoto ne, jerin jajayen riguna, an zagaye mai farin kambas.

"Kina garin aka yi wannan," ya ce. "A gabanki. Me kika je yi ke nan? Gobe zan sa a yanka mata tikiti."

Uwar Sadiya na bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Na ɗan ja zanena sama, na miƙe ƙafafuna a kan dardumarsa.

Na ce, "Yaya, dubi ƙafata."

Ya dubi takalmin, ya dubi hoton, ya sake duban takalmin.

"Wannan ba Sadiya ba ce. Ni ce. In akwai wadda za ka dawo da ita gida, ga ni na dawo."

Na ba shi labarin tun daga Manchester har bakin kogi, ban rage komai ba, har da wayar da na buga wa Dakta. Bai katse ni ba. Da na kai kan haƙorin Jamila sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya tambayi ko akwai wanda ya sanar da mahaifinta. Na ce babu. Ya ce shi zai je da kansa.

Har na miƙe zan tafi ya kira sunana. "Ki gaya wa Sadiya ta tsaya ta gama karatunta," ya ce. "Kuma ki mayar wa yarinya da takalminta."

Saƙon farko na isar mata ta waya tun kafin in fita daga zauren. Takalmin kuwa yana bakin ƙofata, da shi nake zuwa kasuwa.